DARASIN WANNAN WATA: YADDA AKE SHIRIN TASHI DAGA GIDA ZUWA GIDA

Tashi daga gida ba ƙaramin aiki ba ne. Wani yakan tashi don ya gina sabon gida. Wani don an raba gandu. Wani kuwa ruwa ne yake tashinsa, ba da sonsa ba.

Mutanen Balan da Kademi da Gamarya a ƙasar Gaya, da na Balare da Toranke da Chula a ƙasar Ajingi, sun san wannan. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa, su wuce ta Wudil, su nufi Ringim da Haɗeja. A kan waɗannan koguna aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Idan damina ta yi ƙarfi kogi yakan cika ya tumbatsa. Ruwan sama mai yawa kuma yakan kayar da ginin ƙasa ko da nesa da kogi. A daminar 2022 ruwa ya raba iyalai masu yawa da gidajensu a Ƙaramar Hukumar Ajingi. Wanda ya tashi a irin wannan hali yakan bar hatsi da takardu da dabbobi a baya. Hausawa sun ce mai ƙwarmin ido da wuri yake fara kuka. Wanda gidansa yake a kwari, shi ya kamata ya fara shiri.

1. ZAƁEN LOKACI

Lokacin da ya fi dacewa da tashi shi ne bayan kaka, daga Disamba zuwa Maris. Amfanin gona ya zo gida, hanya ta bushe, amalanke ba za ta kafe ba. Sabon gini ma yana samun rana ya bushe sosai. Watan Agusta shi ne mafi wuya, don a cikinsa ruwa ya fi yawa.

Hukumar NiMet takan faɗi hasashen damina tun farkon shekara, ana kuma sanarwa a rediyo. Idan an ce yankin yana cikin haɗari, kada a jira sai ruwa ya zo bakin zaure.

2. SHAWARA DA SANARWA

Maigida ya zauna da iyalinsa su tsayar da rana, aƙalla wata guda kafin tashi. Ya sanar da mai unguwar da zai bari da na inda zai koma. Ya biya bashi, ya karɓi nasa. A mayar da kayan aro ga masu su. Yara masu karatu a nema musu takardar canjin makaranta daga shugaban makarantarsu.

A sabon gida a fara gama abu uku: rumbu ko ɗakin ajiya, masai, da turken dabbobi. Rumbu ya kasance a kan tudu.

3. A RUBUTA KAYA

A nan ne karatu yake yin rana. A ɗauki littafi da biro, a bi ɗaki ɗaki ana rubutawa. Misali:

Gero, buhu 6
Dawa, buhu 4
Wake, buhu 2
Randa 2, tulu 3
Akwati 3, katifa 2
Awaki 5, kaji 11

A raba kaya kashi uku: na tafiya da su, na sayarwa ko kyauta, da na ajiyewa a wurin wani. Abin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, da wuya a bukace shi. Kada a biya kuɗin mota a kansa.

Kayan ɗakin mace nata ne. A rubuta su a shafi dabam, ita ce kuma za ta ɗaure su. Gidan da yake da mata biyu ko fiye, kowace ta sa wa kayanta alama, ko da zare mai launi ne. Wannan yana kashe rigima tun ba ta taso ba.

4. HATSI DA IRI

Hatsi shi ne ran gida. Damin gero da na dawa suna cin wuri, suna kuma zuba a hanya. Idan tafiyar da nisa, gara a sussuke a zuba a buhu.

Kada a ɗaure hatsin da bai bushe ba, zai yi fumfuna. Ga hanyar gwaji: a zuba busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a ƙara hatsi kaɗan, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin da saura. A ƙara shanya shi.

Wake ya fi saurin kama ƙwaro. Akwai buhun da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da masana na Kamaru. Yana da leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. A matse iska, a ɗaure kowanne dabam. Ƙwaro ba ya samun iska, sai ya mutu, ba tare da an sa magani ba. Amma idan ƙusa ko ƙaya ta huda ledar, aikin ya ɓaci. Saboda haka a shimfiɗa tabarma a amalanke kafin a ɗora shi. Jarka ko duro mai murfi ma suna yin wannan aiki idan an cika su taf an rufe da kyau.

Irin shuka a ware shi, a rubuta sunansa a jiki, don kada a daka shi bisa kuskure.

5. KAYAN DA KE FASHEWA

Randa da tulu da tukunyar ƙasa a zubar da ruwansu, su bushe. A naɗe su da tsumma, a zaunar da su a kan ƙaiƙayi ko harawa. Ƙore a jera su ƙarama cikin babba, a ɗaure cikin zane. Kwanoni da kwalla da fanteka ma haka, a sa tsumma a tsakani don kada fenti ya ɓare. Madubi da gilashin fitila a riƙe su a hannu.

6. KAYAN HAƊARI

Kananzir, fetur, takin zamani da maganin feshi kada su haɗu da abinci a ɗauri ɗaya. Ƙwayar maganin ƙwaro da ake jefawa cikin hatsi tana fitar da iska mai guba. Kada a kwana a ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa ita. Lauje da gatari da fartanya a naɗe bakinsu da buhu, a nesanta su da yara.

7. TAKARDU

Katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardar haihuwa, katin rigakafin yara, katin awon ciki, takardar cinikin gona ko fili, da takardun makaranta, duk a haɗa su wuri ɗaya. A sa su cikin leda biyu, a ƙulle. Kada a ɗora su a mota tare da kaya. Su zauna a jikin maigida ko uwargida, tare da kuɗi da magungunan marar lafiya. Buhun gero in ya ɓata ana samun wani. Takardar gona in ta ɓata, tana iya jawo shari'a tsakanin 'yan'uwa.

8. AJIYA A WURIN WANI

Gida biyu maganin gobara. Mai zama a bakin kogi zai iya kai rabin hatsinsa wurin ɗan'uwa a kan tudu tun kafin damina. Ajiya amana ce, amma ɗan Adam yana da mantuwa, mutuwa kuma ba ta sallama. A rubuta takarda biyu iri ɗaya: abin da aka ajiye, yawansa, ranar ajiya, da sunayen shaidu biyu. Kowa ya riƙe ɗaya.

A ɗora buhuna a kan katako ko duwatsu, kada su taɓa ƙasa ko bango, saboda danshi da gara. A toshe ramin ɓera. A riƙa leƙawa duk wata.

9. RANAR TASHI

A yi ciniki da mai amalanke ko mai a-kori-kura tun da wuri, a tsayar da kuɗi da yawan sawu. A fara da sassafe. Masu nauyi a ƙasa, kamar buhuna da turmi. Marasa nauyi a sama. Mutum ɗaya ya tsaya a tsohon gida da littafi yana ƙirga abin da ya fita, wani a sabon gida yana ƙirga abin da ya shigo. Kada a ɗora yara a kan kaya.

Kaji a kama su da dare, a sa su a kwando mai iska. Awaki da tumaki a kora su da sanyin safiya, a ɗaure su a turke 'yan kwanaki har su saba.

A ware ɗauri ɗaya na daren farko: tabarma, gidan sauro, fitila, ashana, buta, tukunya, gari da ruwan sha. Shi ne na ƙarshen hawa, shi ne na farkon sauka. Kafin a fita a kashe wutar murhu, a yi sallama da maƙwabta, a nemi gafarar juna.

Idan kuwa ruwa ya zo ba shiri, rai shi ne gaba. A fitar da yara da tsofaffi, a ɗauki ledar takardu, a hau tudu. Daga baya a sanar da dagaci don ya kai rahoto ga ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA. Allah ya kiyaye, amin.

TAMBAYOYI

1. Wane lokaci ya fi dacewa da tashi? Don me?
2. Yaya ake gane hatsi ya bushe?
3. Waɗanne abubuwa ake rubutawa a takardar ajiya?
4. Manomi yana da buhu 12. Amalanke tana ɗaukar buhu 4 a sawu ɗaya. Sawu nawa za a yi?

AIKI: Kowane ɗalibi ya rubuta kayan ɗakinsa guda 10 da yawan kowanne, ya kai wa malami ya duba.