Yadda Ake Hana Ɓeraye Shiga Ɗakin Tafi-da-Gidanka

A Amurka da Kanada iyalai da yawa suna da ɗakin tafi-da-gidanka, wanda ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa daji ko bakin tafki lokacin hutu. Akwai gado a ciki, da madafa, da firji, da banɗaki. Idan hunturu ya shigo sai a ajiye shi watanni babu mai leƙawa, a daidai lokacin da ɓerayen dawa ke neman mafaka daga sanyi. Su yayyaga katifa su yi sheƙa, su gwigwiyi wayar lantarki, su bar fitsari da kashi a durowa. Mutane na kashe kuɗi a kan guba da kayan ƙamshi, alhali maganin na asali shi ne toshe ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma duk sauran matakai taimako ne kawai ga wannan aiki.

Kafin komai a kwashe abin da ke jan su. A fitar da abinci kakaf, har da busasshen abincin kare da taliyar da ke cikin leda, a goge maiƙon murhu da ƙarƙashinsa. A cire tawul, bargo da takardar banɗaki, domin da su ake shimfiɗa sheƙa, ko a zuba su cikin akwatin roba mai kauri da murfi. Sannan a duba wurin ajiya: daɓen siminti ya fi ciyawa, kuma a nisanci tarin itace da shara. Ɓera ta taya yake hawa, ko ta ƙafar da ke tallafe ɗakin, ko ta wayar lantarkin da aka bari tana jan ƙasa, don haka a naɗe wayar a mayar da ita gurbinta.

Daga nan sai neman ƙofofi, kuma nan ne ake bukatar haƙuri. Ramin da bai wuce milimita 6 ba, wato kaurin fensir, ya ishi ɓera wucewa. Da dare a kunna fitila mai haske a ciki, a buɗe durowoyi da ƙofofin kabad, mutum ya kwanta a ƙarƙashin ɗakin yana duba inda haske ke ɓullowa. Galibi za a same shi a kewayen bututun ruwa da na gas inda suka huda daɓe, da kusurwar mazaunin taya, da ƙasan ƙofa inda roba ta tsufa. Ƙaramin rami a cusa masa soson ƙarfe ko ragar jan ƙarfe, wadda ba ta tsatsa, a danna sosai da sukuddireba, a shafe da silikon. Kumfar toshe rami ita kaɗai ba ta isa ba, don haƙorin ɓera na cin ta. Babban rami a rufe shi da falle na ƙarfe ko ragar waya mai ƙananan idanu, a ɗaure da kusoshi. Amma mafitar iskar firji, da ta na'urar ɗumama ɗaki, da ta akwatin tukunyar gas, ba a toshe su: hayaƙi ko gas da ya taru a ciki na iya kashe mutum. Su raga kawai ake sa musu, irin wadda aka ƙera domin su.

Wani zai ce ai ba a iya gano kowane rami, gara a zuba guba a huta. Gaskiya ne ana iya kuskure rami, shi ya sa bayan toshewa ake ɗana tarko a jikin bango, da ɗan markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ana dubawa kullum. Idan aka yi mako guda tarko bai kama ba, an gama da na ciki. Idan ya ci gaba da kamu, akwai sauran ƙofa, a koma da tocila. Guba ba ta ba da wannan labari. Ɓeran da ya ci ta yakan mutu a tsakanin bango, wari ya cika ɗaki, ko ya fita mujiya ko kyanwa ta cinye shi gubar ta kama ta. Man na'a-na'a da kafur kuwa ƙamshinsu gushewa yake, rami yana nan a buɗe. Haka na'urorin da ake cewa suna korar ɓera da ƙara: a 2001 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta gargaɗi masu ƙera su cewa sai sun kawo hujjar kimiyya a kan abin da suke tallatawa.

Mataki na ƙarshe shi ne tsaftacewa, kuma ba abin wasa ba ne. Ɓeran dawa na Amurka na ɗauke da ƙwayar cutar hanta-bairos, wadda ke kama huhu idan aka shaƙi ƙurar busasshen kashinsa. A 2012 mutum 10 suka kamu bayan ziyarar gandun Yosemite a Kalifoniya, 3 suka rasu, kuma yawancinsu sun kwana ne a tantuna masu bango biyu da ɓeraye suka yi sheƙa a tsakaninsu. Wanda ya san zazzabin Lassa a Najeriya ya san irin wannan hatsari. Saboda haka a buɗe ƙofa da tagogi na minti 30 tukuna. Kada a yi amfani da tsintsiya ko na'urar zuƙe ƙura. A sa safar hannu ta roba, a jiƙa kashin da sheƙar da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a jira minti 5, a kwashe da takarda, a ƙulle a leda. Kuma tun da girgizar hanya na sassauta abin da aka toshe, duk shekara kafin a ajiye ɗakin a sake shiga ƙarƙashinsa a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya.