Kyanwa mai kaɗa kai: a duba kunnenta

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne ɓera zai fara nasa aiki. Mai gadin rumbu kuwa ita ce kyanwa. Da kunne take farauta. Tana jin kukan ɓera wanda kunnen mutum ba ya ji, ko da cikin duhun dare. In kunnen ya lalace, gadi ya lalace, hatsi ya ragu.

Yaya ake gane ciwon?

Kyanwa mai ciwon kunne tana yawan kaɗa kai. Tana susar kunne da ƙafar baya har gashin wurin ya zube, wani lokaci har jini ya fito. In aka leƙa ciki, sai a ga baƙin datti kamar garin gawayi.

Me ke kawo shi?

Na farko, waɗansu ƴan ƙananan ƙwari ne, dangin kaska. Farare ne, ba su fi ƙwayar gishiri ba, da wuya ido ya gan su. Suna zaune cikin ramin kunne, suna cin dattinsa, suna yin ƙwai. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro, kamar mako 3 ne. Sun fi kama ƴaƴan kyanwa. Suna tashi daga kyanwa zuwa kyanwa, har zuwa kare, in suna kwana wuri guda.

Na biyu, ƙarangiya ko ƙwayar ciyawa da ta faɗa cikin kunne. Nan kaɗa kan yakan fara farat ɗaya, kuma kunne guda ne ke ciwo.

Na uku, raunin faɗa tsakanin muzurai. Raunin yakan yi mugunya, ya yi wari.

In an bar ciwon ya daɗe, yawan kaɗa kai yana fasa jijiya. Fatar kunne ta kumbura da jini, daga baya ta motse. Ciwon yana iya shiga can ciki, kyanwa ta kurumce.

Me za a yi?

A naɗe kyanwar cikin tsumma, kai kaɗai a waje, don kada ta yi yagu. In baƙin datti ne kawai, babu mugunya, babu jini, a ɗiga man gujiya mai tsabta, ɗigo 2 ko 3. A murza gindin kunnen a hankali, a goge bakinsa da auduga. Mai yana toshe numfashin ƙwarin, amma ba ya kashe ƙwai. Saboda haka a riƙa maimaitawa bayan kwana bibbiyu har wata guda. A yi wa dukan kyanwowin gida, a wanke tsumman da suke kwana a kai. Likitan dabbobi yana da maganin da ya fi wannan sauri.

In akwai mugunya ko wari, ko kyanwa ta karkatar da kai gefe guda, ko tana tangaɗi, kada a ɗiga kome. A kai ta wurin likitan dabbobi.

Abin da ba a yi

Ba a tura tsinke ko gashin kaza cikin kunne, yana huda dodon kunne. Ba a zuba kananzir. Ba a sa maganin feshin wake ko na kaskar shanu, guba ne ga kyanwa. Ba a ba ta farasitamol, ƙwaya guda tana iya kashe ta.

A yi hattara!

Kyanwa ma tana kamuwa da haukan kare. In halinta ya sake, tana dalalar da miyau, tana cizo ba dalili, wannan ba ciwon kunne ba ne. Kada kowa ya taɓa ta, a hana yara matsowa. Wanda ta ciza ko ta yaga, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi gidan likita a ranar.

Tambayoyi

1. Don me ake maimaita ɗiga mai har wata guda?
2. Waɗanne abubuwa ne ba a sa wa kunnen kyanwa?
3. Me wanda kyanwa ta ciza zai yi?