Hannu Aka Yanke, Ƙafafu Suna Nan

Ɗana, an ce tun da aka sallamo ka daga asibiti ko ƙofar gida ba ka leƙawa, kullum dungun yana ɓoye cikin riga. Ban ga laifinka ba. 'Yar karaya ce, aka ɗaure ɗorin tamau har jini ya daina gudana, hannun ya lalace. Yara da yawa a ƙasar nan ta haka suka rasa nasu. Allah Ya sa kaffara ce.

To, ka ba ni aron kunnenka. Akwai wani ɗan Najeriya, Ajibola Adeoye, shi ma hannu ɗaya gare shi. A 1992, karon farko da ƙasarmu ta shiga babbar gasar nakasassu ta duniya a Basalona, ƙasar Sifaniya, ya ci zinare a tseren mita 100 da na mita 200. Mita 100 ɗin nan cikin daƙiƙa 10.72 ya gama ta. Masu hannu biyu nawa ne daga Bakura har Maradun za su iya haka? A 1996 ya je Atlanta ta Amurka ya sake lashe duka biyun.

Ba zan ruɗe ka ba, da wuya. Hannu ne ke daidaita mai gudu, in babu ɗaya sai jiki ya riƙa karkata, sai ka koya wa kafaɗa da ƙugu su ɗauki aikin. Wajen tashi ma, inda kowa ke dafa ƙasa da hannu biyu, irinku ɗan matashi ake ajiye musu su ɗora dungun. Kuma da masu lalura irin taka za a haɗa ka tsere.

Fili kuwa kana da shi. Hanyar bakin kanal ɗin Bakolori miƙaƙƙiya ce, can ka saba sheƙawa kana korar tsuntsaye daga shinkafar babanka. Ka fara bayan gari ya waye sosai, da abokin tafiya, kada ka yi nisa da gari, ka san halin rashin tsaro da ake ciki. In ƙafa ta saba, a nemi hukumar wasanni ta jiha a Gusau.

Masu cewa a ba ka ƙoƙo ka zauna bakin tasha, ban yarda ba, kuma makaranta za ka koma. Ka gaya wa babanka ina nan tafe ranar Talata in an tashi kasuwar Mafara, mu yi maganar takalmin gudu.