Ƙaramar Tarakta Ko Ɗan Kwangila: Abin Da Mai Sabuwar Gona Zai Duba Kafin Ya Sari Daji

Tun da farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a 2023, ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan fansho da dama suka waiwayi noma. Wasu sun sayi fili a Nasarawa, wasu a Neja ko Taraba ko kudancin Kaduna, inda damina take da tsawo kuma har yanzu ana samun daji da sauƙin kuɗi. Mutum ya biya kuɗin hekta 10 ko 20, ya je ya tsaya a bakin filinsa, sai ya tarar da doka da maje da marke sun cika wurin, kalgo da ciyawa sun rufe ƙarƙashinsu. Dillalin injuna zai ce masa ya sayi ƙaramar tarakta ya yi aikinsa da kansa, ta zama tasa har abada. Ɗan kwangila kuwa zai ce a bar masa wurin, cikin 'yan kwanaki katafila za ta share shi fes. Kowannensu hajarsa yake talla, kuma mai gona ne zai zauna da sakamakon shekara da shekaru.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne saran daji da noma ayyuka biyu ne daban. Saran daji sau ɗaya ake yin sa, noma kuwa kowace shekara. Ƙaramar tarakta, wato mai ƙarfin doki 20 zuwa 50, don aikin shekara-shekara aka ƙera ta: kaftu, haro, kunya, jan tirela, yanke ciyawa. Nauyinta bai cika wuce tan ɗaya zuwa biyu ba. Katafila samfurin D6, wadda 'yan kwangila suka fi kawowa gonaki, tana kusan tan 20, kuma tana tafiya ne kan sarƙar ƙarfe mai kama ƙasa. Nauyi da riƙon ƙasa su ne ke tumɓuke kututture. Tarakta za ta iya kwantar da ciyawa da ƙananan tsirrai, ta ja rassan da aka sare zuwa gefe, ta kwashe itace da duwatsu. Amma kututturen kirya ko na doka da ya shekara talatin yana aika saiwa ƙarƙashin ƙasa ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

A nan ne ake asarar rai, shi ya sa ya dace a tsaya a kansa. Direba zai ɗaura sarƙa a kututture, ya maƙala ɗaya bakin a can saman bayan tarakta don sarƙar ta ɗaga, ya sa giya ta ɗaya ya taka mai. Kututture bai motsa ba, tayoyin baya kuma sun kama ƙasa sun ƙi sulɓewa. Ƙarfin injin dole ya tafi wani wuri, sai gaban taraktar ya tashi sama, ta kifa da baya a kan wanda ke zaune. Duk wannan yana faruwa cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, kafin ƙafar mutum ta kai ga kuloci. Kifewar tarakta ita ce kan gaba wajen kashe masu tuƙa ta a ƙasashen da ake ƙididdigar irin wannan haɗari. Duk abin da za a ja, a ɗaura shi a ƙarfen ja na ƙasa wanda aka yi don haka, kuma kututture ba ya cikin abubuwan da za a ja.

Kafin a yi maganar saye ko haya, sai mai gona ya taka filinsa da ƙafa, tare da wani dattijo na ƙauyen da ya san tarihin wurin. Ya auna wani yanki, mita 50 tsawo mita 50 faɗi, wato rubu'in hekta, ya ƙirga itatuwan da kaurinsu ya kai cinyar babban mutum. Ya maimaita a wurare uku ko huɗu. Sannan ya sa a haƙa rami da diga ya ga inda baƙar ƙasa ta ƙare, da abin da ke ƙarƙashinta, jar ƙasa ce ko tsakuwa ko marmara. Idan saura ce, wato tsohuwar gona da aka bari ta huta, sabara da kalgo ne kawai suka tsiro, adda da gatari da hayar tarakta ta kwana biyu sun wadatar. Idan kuwa kowane rubu'in hekta yana da manyan itatuwa goma sha wani abu, batun ƙaramar tarakta bai ma taso ba tukuna.

Haka kuma kada inji ya shiga sai an tabbatar da iyaka a gaban mai unguwa ko dagaci da maƙwabta, an kuma tabbatar filin bai ci burtali ko gandun daji na gwamnati ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin amfani da filin noma a karkara har hekta 500. Neman takardar ya fi sauƙi kafin a kashe kuɗi a kan filin.

To, ɗan kwangila fa? Katafila tana da sauri, babu musu, kuma a daji mai kauri ita ce kaɗai za ta gama aiki cikin kaka ɗaya. Illarta tana ga abin da take tafiya da shi bayan itatuwa. Ƙasar da ke ciyar da shuka a dajinmu 'yar sama ce, sau da yawa ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, kuma ɗaruruwan shekaru ta ɗauka kafin ta taru daga ruɓaɓɓen ganye da saiwa. Direban da ake biya don ya yi sauri zai kafa bakin katafila a ƙasa ya tura komai gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa zagaya irin wannan gona ya ga alamar: tsakiyar fili ja wur, sumul, sannan a can gefe ga dogon tudu na rassa da kututture haɗe da baƙar ƙasa, inda ciyawa ke tashi fiye da tsayin mutum da damina, masarar da ke tsakiya kuwa ta yi rawaya tana neman taki.

Masana sun auna wannan a Najeriya. Rattan Lal, masanin ƙasa ɗan asalin Indiya da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan daga 1970 zuwa 1987, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta abinci ta duniya a 2020, ya gwada hanyoyin share daji daban-daban a filayen cibiyar. Wurin da aka share da katafila mai ture itace da yagar saiwa, sannan aka bi da garma, shi ya fi kowanne zaizaya da asarar ruwa. Wurin da aka sare da hannu ya fi riƙe ƙasarsa. A tsakaninsu akwai wanda aka yi da katafila mai wuƙar da ke datse itace daidai fuskar ƙasa ba tare da ta tona ba. Wato ba injin kaɗai ba ne, har da irin bakin da aka ɗaura masa da hannun da ke riƙe da shi.

Saboda haka wanda ya yanke shawarar kiran ɗan kwangila ya rubuta yarjejeniya, kuma ya san abin da zai sa a ciki. Biya a kan hekta ya fi biya a kan yini, domin katafilun haya galibi tsofaffi ne, kuma ranar da inji ya lalace ana jiran kayan gyara daga birni kada ta shiga lissafin mai gona. A fayyace wanda zai biya kuɗin babbar motar da za ta ɗauko ta ta mayar, da wanda zai sayi man dizal, da inda za a ajiye man. A auna filin da na'urar GPS ta waya kafin a fara da bayan an gama, don kada hekta takwas ta koma goma a baki. A rubuta cewa bakin katafila zai riƙa tafiya sama da ƙasa kaɗan, a karkaɗe ƙasar da ke jikin saiwa kafin a tura, a kuma jera tarkacen a gicciye da gangare don ya tare ruwa. Kuɗi kashi-kashi ake biya, kuma kashin ƙarshe sai an zagaya an gani. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon rani, wajen Nuwamba da Disamba, sa'ad da saman ƙasa ya bushe amma ƙarƙashi yana da sauran danshi. Katafila a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daddanne ta take yi, har ruwa ya kasa shiga saiwa ta kasa ratsawa.

Sharaɗin da ya fi duk waɗannan shi ne mai gona ko amintaccensa ya kasance a wurin daga safe har yamma. Tun kafin ranar aiki ya bi da fenti ya shafa wa itatuwan da ba za a taɓa ba. Kaɗanya da ɗorawa da tsamiya kuɗi ne a tsaye, kuma matan ƙauye sun daɗe suna cin moriyarsu kafin sabon mai gona ya zo. Barin su yana saye masa zaman lafiya da maƙwabta. Gawo kuma yana zubar da ganyensa da damina, ba ya hana shuka rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Manoman Maradi da Damagaram sun nuna abin da barin itace ke yi: tun daga shekarun 1980 suka koma renon tsirran da ke fitowa daga kututture maimakon sare su duka, har aka farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5. Abin takaici ne mutum ya biya kuɗi mai yawa a kudu don ya rusa abin da 'yan'uwansa a arewa suka shafe shekara arba'in suna maidowa. Abin da kawai za a kula shi ne a bar itatuwan da tazarar da tarakta za ta iya bi tsakaninsu.

Akwai hanya ta uku da masu sabon kuɗi kan raina, wato 'yan jinga. Su sare itace daidai ƙugu don gungumen ya zama abin turawa, su tone kewayen, su datse saiwoyin da gatari, su kayar. Aikin yana da jinkiri, amma baƙar ƙasa tana nan inda take, kuɗin yana shiga aljihun mutanen ƙauyen, kuma itacen da aka sare ana sayar da shi ya rage tsada. Mai hekta 15 da ya share uku bana, uku baɗi, yana noma wanda ya share yana koyon halin gonarsa, ya fi wanda ya share duka lokaci ɗaya sannan kuɗin iri da taki suka gagare shi. Filin da aka tsiraita aka bari ba shuka, ruwan farko ne zai fara yi masa kwazazzabo.

Sayen tarakta kuwa lissafi ne na awoyi. Injin da aka kula da shi yana iya yin aikin awa dubu 10 ko fiye kafin ya ƙare. Gonar hekta 10, ko da an haɗa kaftu da haro da kunya da jigilar amfani, da wuya ta ba shi aikin awa 200 a shekara. Sauran watannin yana ajiye, batir yana mutuwa, taya tana tsagewa, kuɗin da aka zuba suna kwance. Hujja mai ƙarfi ta masu saye ita ce lokaci: da ruwa ya sauka kowa tarakta yake nema a mako guda, wanda ya makara da shuka kuma ya yi asara. Wannan gaskiya ne. Amma ana iya rage matsalar ta hanyar kama layi da wuri, ko wajen mai tarakta na yankin ko ta wakilan kamfanoni irin su Hello Tractor, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2014 yana haɗa masu tarakta da manoma. Wanda ya nace zai saya, to ya sani ya shiga sana'ar haya ke nan, domin gonakin maƙwabta ne za su biya kuɗin injin. Zai buƙaci direba mai amana, littafin rubuta awoyi da mai, da bakanike da zai amsa waya a tsakiyar damina.

Wannan bakaniken ne ma ya kamata ya fara zaɓa masa samfuri. Massey Ferguson ta daɗe a arewa, kusan kowane babban gari akwai mai gyaranta da mai sayar da kayanta. Mahindra da Sonalika da John Deere da New Holland ma suna nan. Abin tambaya shi ne wacce za a samu matatar manta da famfonta a kasuwa mafi kusa. A ƙaramar tarakta, mai ja da ƙafa huɗu ta fi amfani ƙwarai, domin rashin nauyi yana sa mai ja da baya kawai ta riƙa sulɓewa. Kayan aikin su dace da ƙarfinta: garma mai faifai uku da Massey Ferguson 375 ke ja cikin sauƙi za ta wahalar da mai doki 35, ita faifai biyu ne nata. A sabuwar gona garma mai faifai ta fi mai baki, don tana mirginawa ta haye saiwa maimakon ta maƙale. Idan ta hannu ce za a saya, a je da sassafe a tayar da ita injin yana sanyi, a dubi launin hayaƙi, a ɗaga garma sama a kashe inji a ga ko za ta riƙa sauka da kanta. A tabbatar tana da ƙarfen kariya bisa kan direba da bel na ɗaurewa. Sandar da ke juya kayan aiki a baya tana zagayawa sau 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa, saboda haka babbar riga da rawani da yara ba su da wuri kusa da ita. Mai shinkafa a fadama kuwa ya duba injin huɗa mai taya biyu da ake bi a ƙafa, wanda ya fi araha kuma ya fi dacewa da ƙananan fangali.

Ko wace hanya aka bi, daminar farko ba ta tarakta ba ce. Ragowar kututture da saiwa suna ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, kuma guda ɗaya ya isa ya farke tayar baya ko ya karya faifan garma, abin da kuɗinsa zai iya cinye ribar shekarar. A yi huɗar farko da shanu ko da hannu, a kafa sanda a duk inda garma ta ci karo da wani abu don a tone shi da rani, a shuka wake ko waken soya ko gyaɗa su rufe ƙasar su ƙara mata ƙarfi. Bayan girbi mai gona zai san hekta nawa yake iya nomawa da gaske, da nawa ya kashe a haya, kuma da waɗannan alƙaluman ne zai je wajen dillalin tarakta idan har yanzu yana son saye.