Kafin ka cika duron tace ruwan kifi da yashi da gawayi

Aikina gina kududdufan kifi ne a gidaje da lambuna a nan Yamai, da kula da su bayan an gina. Mafi yawan kiran da ake yi mini yana zuwa ne a watannin Afrilu da Mayu, kuma kukan kusan iri ɗaya ne: "Malam, ruwan garau yake, amma kifin sai mutuwa yake yi." In na je na buɗe duron da mai gida ya haɗa don tace ruwa, abin da nake tararwa ba ya wuce yashin kogi, gawayi da guntun katifa, an danne su ƙam. Niyya mai kyau ce, sai dai an zaɓi kayan ne don ido ya ga ruwa ya yi haske, alhali abin da ke kashe kifi ido ba ya ganinsa.

Kifi yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, mafi yawansa ta wurin da yake numfashi. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma suna ƙara ta. Kilo ɗaya na abincin kifi na buhu yana barin amoniya kimanin gram 30 a cikin ruwa. Ba ta da launi, kuma babu ƙyalle ko yashin da zai tare ta. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne a jikin duk abin da ruwa ke bi ta kansa: kashi na farko su mai da amoniya nitrit, wanda shi ma guba ne, kashi na biyu su mai da nitrit nitrat, wanda kifi ke jurewa, tsirrai kuma su sha shi a matsayin taki. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware waɗannan ƙwayoyi a 1890. Saboda haka mai kududdufi kiwo biyu yake yi, na kifi da na bakteriya, duron tacewa kuwa shi ne garken na biyun. Duk abin da za ka zuba a ciki, ka tambayi kanka abu uku: yana da faɗin jikin da ƙwayoyin za su zauna? Ruwa da iska za su ratsa shi ba tare da ya toshe ba? Zan iya fitar da shi in wanke ni kaɗai?

A Yamai tambaya ta biyu ita ce uwa, saboda yanayin garinmu. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu na sauka kan ruwa kullum, ta zama laka a gindin duro. Da bazara zafi yana haura digiri 40, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iskar oksijin da yawa: lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligram 9 a digiri 20, amma a digiri 30 ba ta wuce 7 da rabi. Su kuwa ƙwayoyin nan masu cin iska ne, domin kowane gram na amoniya yana cinye oksijin kimanin gram 4 kafin ya zama nitrat. Ga kuma ɗaukewar wuta da ta fi yawa a daidai wannan lokaci. Kayan da ya cushe, ruwa ya tsaya a cikinsa sa'o'i kaɗan cikin zafi, iska ta ƙare, sai ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwa ba ya tsami banza. Wuta na dawowa, injin da ke zagaya ruwan ya tura wannan gubar kai tsaye zuwa wurin kifi.

Wannan ne ya sa nake hana yashi. Mutane kan ce ai da yashi ake tace ruwan sha a tashar Gudel. Gaskiya ne, amma a irin waɗannan tashoshi sai an kwantar da laka tukuna kafin ruwa ya kai ga yashin, kuma ana wanke shi a kai a kai da ruwan da ake turowa ta ƙasa da ƙarfi. Duron gida ba shi da wannan gata. Cikin ɗan lokaci yashin zai daskare, ruwa ya nemi hanya ta gefe ya wuce ba a tace ba. Tsakuwa ta fi shi dama, in manya ce kamar ƙwan zabo, sai dai nauyi: duro mai lita 200 in an cika shi da tsakuwa yana kai kilo 300, kuma fiye da rabin wurin dutse ne, ruwa ba ya shiga. Abin da ba ya ɗaguwa ba a wanke shi, wanda ba a wankewa kuwa ƙarshensa ruɓa. Marmara mai laushi tana marmashewa ta jajanta ruwa. Fasasshen bulon siminti yana ɗaga ma'aunin pH, amoniya kuma tana ƙara dafi idan pH ya hau, musamman cikin ruwan ɗumi.

Gawayi ma ana ba shi girman da bai kai ba. Gawayin girki daban yake da gawayin da masana'anta ke sarrafawa don tsotse launi da wari da magani. Shi kansa na masana'antar yana cika cikin ƴan makonni, kuma ba ya yi wa amoniya komai. Na girki wurin zama kawai yake ba ƙwayoyi, ga tasowa saman ruwa, ga dagargajewa. In shi kake da shi, ka zaɓi manya, ka wanke tokar sosai, ka ɗaure a cikin raga.

To me ya fi? Roba mai rami da yawa. A ƙarshen shekarun 1980 Farfesa Hallvard Ødegaard na birnin Trondheim a ƙasar Norwe, tare da kamfanin Kaldnes, suka fito da ƴan ƙananan robobin nan masu kamar ƙafar keke da ake kira K1. Mita ɗaya mai kusurwa huɗu ta kowane ɓangare, wato lita 1000 nasu, tana ba ƙwayoyi wurin zama na murabba'in mita 500. Wanda ya samu, ya kuma iya kuɗinsu, ya saya. Wanda bai samu ba, kasuwar Katako ta ishe shi. Tiyon roba mai gaɓa-gaɓa da masu haɗa wuta ke binnewa a bango, a yanka shi guntu-guntu tsawon santimita 2 zuwa 3, yana aiki ƙwarai. Murafan gorar ruwa da na lemo ma haka, bayan an wanke zaƙin da ke jikinsu. Sai soson wanka na raga, sabo wanda bai taɓa ganin sabulu ba, da ragar buhun albasa a dunƙule sako-sako. Faɗin jikinsu bai kai na K1 ba, amma ba su da nauyi, ba su ruɓewa, kuma ruwa na ratsa su a sake. Tsingaron tukunyar ƙasa, irin wadda matan Bubon ke ginawa, shi ma na da amfani, domin gasasshen yumɓu yana da ƙananan ramuka. A ɗauki wanda ba a shafa wa fenti ba, a jiƙa shi kwana biyu a gani. In ya fara narkewa, gashin bai kai ba, a bar shi.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon jama'a kada su kusanto da su kududdufi. Na farko gidan sauro mai magani. Ana ganin ragarsa mai kyau ce don tace ruwa, amma maganin da ke jikinsa, irin su permetirin da deltametirin, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi, kuma wanki ba ya fitar da shi, don da gangan aka yi shi ya jure wanki. Na biyu duron da ba ka san abin da ya taɓa ɗauka ba. Roba tana shan maganin ƙwari da man inji, ta riƙa sakinsu sannu a hankali. Nemi wanda aka zubo kayan abinci a cikinsa. Na uku katifar kwanciya da soson ƙarfe: katifa ramukanta matsattsu ne, tana toshewa da wuri, ga sinadaran da aka haɗa ta da su, soson ƙarfe kuma tsatsa yake yi.

Jerin kayan ma yana da muhimmanci kamar zaɓensu. Ruwa ya fara faɗawa wurin da laka za ta kwanta, ko da rabin duro ne babu komai a ciki, da famfon zubarwa a gindinsa. Daga nan ya bi ta raga mai manyan ido, sannan mai ƙananan ido, sai a ƙarshe ya isa ga robobi ko tsingaro yana da tsabta. In an juya jerin, laka ta rufe ƙwayoyin ta shaƙe su. Kowane kaya a zuba shi cikin buhun raga nasa, yadda hannu ɗaya zai ɗago shi. Saboda matsalar wuta, na fi son ɓangaren ƙarshe ya kasance ruwa na yayyafowa daga sama yana zuba ta ƙasa, kayan ba su nutse ba. In injin ya tsaya, suna nan da danshi, iska na shiga, ƙwayoyin ba su mutuwa da wuri. Wanda duronsa mai nutsewa ne, in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ya zubar da ruwan cikinsa a gindin shuka kafin ya tada inji. Ƙa'idar da nake aiki da ita: matatar ta kai kusan kashi ɗaya cikin goma na girman kududdufin, injin kuma ya zagaya da ruwan duka a cikin sa'a ɗaya zuwa biyu. A ajiye duron a inuwa, a rufe bakinsa don sauro da ganyen bedi.

Wanki shi ne inda da yawa ke rushe abin da suka gina. Ragar gaba ana iya wanke ta duk mako, da hunturu ma fiye da haka. Robobin baya kuwa, santsin nan mai ruwan ƙasa da ke jikinsu shi ne ƙwayoyin da kake kiwo. Girgiza su kawai za a yi cikin bokitin ruwan kududdufin, rabi yau, rabi wani makon. Ruwan famfon kamfanin ruwa na NDE yana ɗauke da kulorin, wanda aka zuba don ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya kuma bambanta na kirki da na banza. In za a ƙara ruwan famfo, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe. Masu jan ruwan kogi ta wajen Saga ko Kirkisoye su kula da watannin Agusta da Satumba, lokacin da kogin ke yin ja da lakar da Sirba da sauran rafuka ke kawowa. A bar shi ya kwanta kafin ya shiga duro.

Koren ruwa daban ne. Gansakukar da ke kawo shi ƙanana ce ƙwarai, tana wuce kowace raga, maganinta inuwa da rage abinci da shuka irin su bado da za su yi gogayya da ita wurin shan nitrat.

Sabuwar matatar ruwa tana bukatar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin su cika, ko da yake ɗumin garinmu na ɗan gaggauta su. A wannan tsakani a sa kifi kaɗan, abinci kaɗan. Tarwada tana haɗiyar iska daga sama, don haka tana jure abin da karfasa da kifin ado ba su jurewa. Ganin tana raye ba shaida ba ce cewa ruwan lafiya yake. In kana da maƙwabci mai tsohon kududdufi mai lafiya, roƙe shi cikin tafi biyu na robobinsa, ka kawo su a jiƙe ka haɗa da naka, zai rage maka jira. Ranar da ka ga kifi sun taru a saman ruwa da asuba suna buɗe baki, ko sun ƙi abinci, ka tsayar da ciyarwa, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da wanda ya kwana, sannan ka buɗe duro ka duba inda ya toshe.