Yadda Za Ka Daidaita Zafin Ɗakin 'Yan Tsaki A Lokacin Hunturu Da STC-1000 Da Wayarka

Duk wanda yake kiwon kaji a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya san sanyin asuba na Disamba da Janairu, musamman a garuruwan da ke kusa da dam ɗin Bakolori. Akwai dararen da ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 15. Babbar kaza tana jurewa, amma ɗan tsako bai iya riƙe ɗumin jikinsa ba sai gashinsa ya fito. Idan sanyi ya kama su sai su cunkushe wuri ɗaya, na ƙasa su mutu kafin gari ya waye.

A makon farko suna buƙatar digiri 32 zuwa 35. Daga nan kana rage kusan digiri 3 duk mako har su yi gashi.

Ka sani, yawancin wayoyi ba su da ma'aunin zafin ɗaki. Manhajojin da ke nuna maka lamba, ko dai yanayin garinku suke ɗaukowa daga intanet, ko zafin batirin wayar. Kada ka dogara da su.

Kayan da za ka nema

Na farko STC-1000, mai aiki da wuta 220V. Ita ce irin na'urar da masu ajiye macizai a Turai da Amurka suke ɗumama akwatinsu da ita, domin maciji ma daga waje yake samun ɗumi. Tana zuwa da siririn waya mai jin zafi a bakinsa. Na biyu ƙwan fitila mai zare na 100W, ko jan ƙwai na ɗumama. Ƙwan LED ba ya ba da zafin kirki.

Haɗawa

A bayan na'urar akwai lambobi. 1 da 2 na wutar da za ta kunna ta ne, 3 da 4 na wayan jin zafi, 5 da 6 na ɗumamawa. Lura da kyau: 5 da 6 makunni ne kawai, ba sa fitar da wuta da kansu. Layin wuta zai shiga ta 5, ya fita ta 6 zuwa ƙwai. Ka duba zanen da ke jikinta, kuma idan ba ka saba ba, ka kira mai gyaran wuta.

Saiti

Danna S ka riƙe har F1 ya fito, ka sa 33. A F2 ka sa 1. Ma'ana idan zafi ya sauka zuwa 32 ƙwai zai kama, idan ya kai 33 ya mutu. Rataya bakin wayan jin zafi daidai tsayin bayan tsakin, a gefen inda hasken yake sauka. Idan ka sa shi dab da ƙwai, na'urar za ta riƙa kashewa alhali tsakin suna jin sanyi.

Aikin wayarka

Ƙaramin ma'aunin Xiaomi mai lamba LYWSD03MMC yana haɗuwa da manhajar Mi Home ta Bluetooth, da batirin CR2032 yake aiki, don haka ko an ɗauke wuta yana nan yana auna zafi. Zangonsa gajere ne, sai kana kwana kusa. Ka sa ƙararrawa ƙarfe 2 da 4 na dare ka duba.

Idan an ɗauke wuta

Ga lissafi: ƙwan 100W na awa 10 zai ci 1,000Wh. Batirin 12V 100Ah yana ɗauke da 1,200Wh, kuma idan na ruwa ne rabinsa kawai ya kamata ka sha. Wato ba zai kai ka safiya ba. Ka rage faɗin wurin da kwali ko silin, ka tanadi kaskon gawayi, amma ka bar kafar iska ta sama, domin hayaƙin gawayi da ba a gani yana kashe tsaki, yana kashe mutum.

A ƙarshe, ka kalli tsakin kansu. In sun taru ƙarƙashin ƙwai suna kuka, sanyi ne. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci suna sha, saitinka ya yi daidai.