BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: YADDA ƊALIBI ZAI RIƘE KARATUNSA

Kowace shekara idan jarrabawar WAEC ko NECO ta matso, kuka ɗaya malamai suka fi ji daga bakin ɗalibai: "Malam, na karanta, amma ina shiga ɗakin jarrabawa sai komai ya gudu." Wasu har sun yanke wa kansu hukunci cewa su ba su da ƙwaƙwalwa. Wannan magana ba ƙarama ba ce, domin da yawa daga cikinku sai da iyayenku suka sayar da buhun gero ko akuya kafin a biya kuɗin rajista. To ku sani, sau da yawa kan yaro lafiya lau yake, hanyar karatunsa ce ke da gyara.

Mantuwa halin kowa ce

A shekarar 1885 wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa binciken da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya auna yadda suke zubewa. Ya gano cewa bayan awa ɗaya fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya kuwa kusan kashi biyu cikin uku. Daga nan sai zubewar ta yi sauƙi. Wato ɓarnar mantuwa a ranar farko ta fi yawa.

Ya kuma gano wani abin da ya fi wannan amfani a gare mu. Abin da maimaitawa sau 68 a zama ɗaya ta ba shi, ya same shi da maimaitawa sau 38 kacal da ya rarraba ta cikin kwana uku. Ga dabarun da za mu ɗauka daga irin wannan bincike.

1. Noman firi da maimai

Babu manomin gero a ƙasar Baure da zai yi shuka ya koma gida ya ce sai kaka. Idan shuka ta fito yakan yi noman firi, bayan 'yan makonni ya dawo ya yi maimai. In ya ƙi, ciyawa ta cinye gonar. Darasin da malam ya koyar a aji shuka ce kawai. Bitar da ka yi a daren ranar ita ce noman firi, kuma minti goma sha biyar sun isa. Ka sake komawa bayan kwana biyu ko uku, sannan bayan mako ɗaya, sannan bayan wata ɗaya. Kowace komawa takan fi ta baya sauƙi. Ka rubuta waɗannan ranaku a bangon littafinka don kada su shige ka.

Wanda ya bar littafi tun farkon zango, sai ana gobe jarrabawa ya kwana yana cusa wa kansa, ya manta da maganar magabata cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Rufe littafi, ka tambayi kanka

Yawancin ɗalibai in sun ce suna bita, karantawa kawai suke yi suna sake karantawa. Ido ya saba da shafin, sai zuciya ta ce an iya. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan. Wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta wani rubutu. Wasu kuma suka karanta shi a zama ɗaya, sannan aka karɓe takardar aka sa su yi ta rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kuwa kashi 61. Abin mamaki, na farkon su ne suka fi zaton za su tuna.

Mu nan wannan ba baƙon abu ba ne. A makarantar allo mai hadda ba ya wanke allonsa sai ya kawo wa malaminsa karatun da ka, kuma kullum yana komawa tilawar na baya. Haka a makarantar Lahadi, yaro yakan miƙe ya faɗi aya ba tare da duba littafi ba. Kai ma idan ka gama shafi, rufe littafin, ɗauki takarda, rubuta abin da ka riƙe, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Ku riƙa amsa tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ku kuma riƙa yi wa juna tambayoyi biyu-biyu.

3. Ɗaure karatu dami-dami

Ba a kai zangarniyar gero rumbu ɗaya bayan ɗaya, dami ake ɗaurewa. A 1956 wani masani, George Miller, ya nuna cewa abin da mutum zai iya riƙewa a kai lokaci guda ba shi da yawa, wajen guda bakwai ne. Shi ya sa lambar wayar hannu mai alƙaluma 11 muke karya ta gida uku kafin mu faɗe ta. Idan jerin ya yi tsawo, raba shi rukuni-rukuni. Labari ma igiya ce mai ɗaure dami. Yaron da ya san labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu ba ya shan wahalar lissafo Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

4. Kawo darasi gida

Ɗalibi yakan gaji da karatu ne idan bai ga abin da ya haɗa shi da rayuwarsa ba. Saboda haka kafin ka fara kowane babi, nemi tambayar da ta shafe ka. Me ya sa iyayenmu suke shuka wake tsakanin gero? Ilmin Halittu zai gaya maka cewa a saiwar wake da gyaɗa akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu ɗauke da ƙwayoyin halitta da ke samar da sinadarin naitirojin, wanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Daga ina hazon hunturu yake zuwa? Labarin Ƙasa zai nuna maka iskar arewa maso gabas da ke ɗauko ƙura daga Hamadar Sahara. Me ya sa 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Nijar, Hausawa kamarmu, suke karatun boko da Faransanci? Tarihi zai kai ka ga yadda Ingila da Faransa suka shata iyakar a farkon ƙarni na 20. Abin da ka nema da kanka don kana son sani, da wuya ka manta shi.

Kuma idan ka fahimci abu, ka koya wa ƙanenka ko abokinka da Hausa mai sauƙi. Inda bayani ya gagare ka, nan ne ba ka gane ba tukuna.

5. Hutu da barci

Kada ka zauna awa uku a kan fanni ɗaya. Yi kamar rabin awa, tashi ka miƙe ƙafa ka sha ruwa, sannan ka dawo. Idan Lissafi ya gundure ka, juya zuwa Tarihi. Mai wayar hannu ya ajiye ta nesa, domin hankalin da aka raba biyu ba ya riƙe komai.

Game da barci, tun a 1924 Jenkins da Dallenbach suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi riƙe ta a kan wanda ya ci gaba da harkokinsa. Likitoci na ba da shawarar matasa irinku su samu awa 8 zuwa 10 a dare. Mai cin goro ko shan kofi don ya kwana a farke yana hana ƙwaƙwalwarsa lokacin da take adana abin da ya karanta.

Kammalawa

Ina roƙon iyaye su ba yara ko da awa ɗaya da yamma ba tare da aike ba, su kuma riƙa tambayarsu abin da aka koya musu yau. Ko uban da bai yi boko ba, in ya saurari ɗansa yana bayani, ya taimaka masa ƙwarai. Mu malamai kuma mu riƙa buɗe darasi da 'yan tambayoyi a kan na makon jiya.

Ku kuwa ɗalibai, babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da ke bukatar ko sisin kwabo. Da yayyafi kogi kan cika. Yau da dare ka ɗauko darasin da aka yi da safe, ka rufe littafin, ka gwada kanka. Allah ya ba ku sa'a.